Lissafin kashi cikin ɗari da ka

Lissafin kashi cikin ɗari da ka shi ne warware tambayar kaso ba tare da takarda, alƙalami ko kalkuleta ba. In an ce kashi 15 cikin 100, ana nufin a raba abu gida ɗari daidai wa daida, a ɗauki gida 15. Alamarsa %, ta kuwa samo asali ne daga yadda ƴan kasuwar Italiya ke taƙaita rubuta per cento. A Nijar ana koyar da darasin da Faransanci, da sunan pourcentage, kuma ɗalibi zai riƙa cin karo da shi a kolej tun daga aji na 6e, wato na farko, har zuwa 3e, na ƙarshe, inda ake zana jarrabawar kammala kolej, BEPC.

Tubalan lissafin

Dabarar duka ta tsaya kan ƴan kasoshi da ba su da wuyar fitarwa. Kashi 50 rabi ne, kashi 25 rabin rabi, wato rubu'i. Kashi 10 shi ne a raba gida goma, kashi 1 a raba gida ɗari. Sauran duk daga waɗannan ake haɗa su. Kashi 5 rabin kashi 10 ne, kashi 20 ninkinsa, kashi 15 kuwa kashi 10 ne da rabinsa. Harajin TVA, wanda ake ɗorawa kan farashin kayan da aka saya, a Nijar kashi 19 ne, adadin da ke tsorata yara, alhali kashi 20 ne aka rage masa 1. A kan kayan sefa 6000, kashi 20 ya kama 1200, kashi 1 ya kama 60, harajin ke nan 1140.

Ana kuma iya juya lambobin biyu, amsa ba za ta canza ba. Kashi 8 na 25 daidai yake da kashi 25 na 8, wato rubu'in takwas, 2. Dalili shi ne duka biyun 8 sau 25 ne a raba da 100.

Dala da maki

Yaron Damagaram yana shiga aji da wani jari da ba kasafai ake lura da shi ba. A kasuwar Dole ta birnin ba a ƙirga kuɗi da sefa ɗai-ɗai, da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5. Sefa 100 dala ashirin ce, 500 dala ɗari, 1000 kuma jika. Duk yaron da aka saba aike cefane ya riga ya iya ninkawa da biyar da rabawa da biyar, ko da bai san sunan abin da yake yi ba. Tunda dala ashirin ce ke cika ɗari, dala ɗaya a cikin ashirin kashi 5 ce. Haka makin makaranta yake, domin a kan 20 ake ba da shi: wanda ya ci 13 ya samu kashi 65, wanda ya ci 10 ya tsaya kan rabi cif. Malamin da ya fara darasin daga nan ya rage wa kansa wahala mai yawa.

Sai dai dalar nan takan yi tuntuɓe da ɗalibi. Tambaya ta ce takalmi sefa 3500, an yi rangwamen kashi 10. Yaro ya karanta a ransa jika uku da rabi, wato dala ɗari bakwai, ya fitar da saba'in, ya rubuta 70. Lissafinsa bai ɓaci ba, amma dala saba'in sefa 350 ce, ita ake nema a takarda. Kaso bai damu da ma'aunin da aka ɗauka ba, muddin da wanda aka fara da shi aka gama.

Zakka ma makaranta ce. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ana fitar da ushiri, dami ɗaya cikin goma, kashi 10 ke nan. Wanda aka sha wahalar ban ruwansa, ɗaya cikin ashirin. Na kuɗi ɗaya cikin arba'in ne, kashi biyu da rabi, kuma da ka ana samunsa ta fitar da kashi 10, a raba biyu, a sake raba biyu.

Gane abin da ake tambaya

Tambayoyin zube iri uku ne: a nemi kason, a nemi kashi nawa ne, ko a nemi asalin adadin. Na farko shi aka nuna a sama. Na biyu yakan zo kamar haka: aji mai ɗalibai 60, mata 24, kashi nawa ne mata? Kashi 10 na ajin mutum 6 ne, 24 kuma shida sau huɗu, saboda haka kashi 40.

Na uku ne ya fi kayar da yara, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. An rage wa atamfa kashi 20, aka sayar sefa 4000, nawa take da farko? Da yawa sukan fitar da kashi 20 na 4000 su ƙara, su ce 4800. Kuskure ne, domin ragin daga tsohon farashi aka yi shi, ba daga sabo ba. Abin da aka biya kashi 80 ne. In kashi 80 ya kama 4000, kashi 10 ya kama 500, cikakken farashi 5000. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya fara yi wa kansa ita ce: wane adadi ne ɗarin?

Wannan tambaya ce ke bayyana abin da ya sa hawa da sauka ba sa goge juna. Tiyar hatsi ta sefa 500, in ta hau da kashi 20 ta koma 600. In daga baya ta sauka da kashi 20, daga 600 za a cire 120, ta tsaya 480.