Buɗaɗɗun Manhajojin Adana Sirri da Jama'ar da ke Raya Su

Manhajar adana sirri ita ce wadda ke riƙe kalmomin sirri, makullan shiga da takardun shaida na lantarki waɗanda na'urori da manhajoji ke gane juna da su. Ta sha bamban da irin su KeePass, inda mutum ke ajiye kalmomin sirrinsa na imel da Facebook. Ita na'urori take yi wa hidima. Idan wata makaranta a Sakkwato tana karɓar kuɗin ɗalibai ta Paystack, akwai makullin sirri da kamfanin ya ba ta, akwai kuma kalmar shiga rumbun bayanan ɗaliban. Irin waɗannan ake nufi da sirri a wannan fanni. Ana ce wa manhaja buɗaɗɗiya idan lasisinta ya ba kowa damar karanta rubutunta, wato umarnin da aka gina ta da su, ya gyara, ya raba wa wasu.

Dalilin samuwarta

Masu rubuta manhaja sun daɗe da ɗabi'ar cusa makulli a cikin rubutun manhajar, don ya fi sauƙi. Illar ita ce duk inda rubutun ya je, makullin na biye da shi. A 2016 masu kutse sun tsinci bayanan shiga na kamfanin Uber a ma'ajiyarsa ta GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja, suka kwashi bayanan mutum miliyan 57. Kamfanin ya biya su dala 100,000, kuma bai sanar da duniya ba sai a Nuwamba 2017.

Yadda take aiki

Mafi shahara a cikinsu ita ce Vault, wadda kamfanin HashiCorp na Amurka ya fitar a 2015. Duk abin da ta ajiye a ɓoye yake da lissafi, kuma duk lokacin da aka kunna ta a kulle take tashi. Babban makullin da ke buɗe ta ana iya karkasa shi ta hanyar lissafin da Adi Shamir ya wallafa a 1979: a al'ada kashi biyar ake yi, sai uku sun haɗu sannan ta buɗe, kamar asusun ƙungiya da banki ba ya sakin kuɗinsa sai wasu adadin shugabanni sun sa hannu. Abin da ya fi wannan amfani shi ne sirri na wucin gadi. Maimakon kalma guda da ake amfani da ita shekara da shekaru, Vault tana ƙirƙiro sabuwa ga duk manhajar da ta nema, ta yanka mata wa'adi, wa'adin na cika ta soke ta. Tana kuma rubuta wanda ya nemi me da lokacin da ya nema. Akwai wasu masu sauƙi, kamar SOPS da ta samo asali daga Mozilla, wadda fayil kawai take ɓoyewa.

Rabuwar 2023

A Agusta 2023 HashiCorp ya janye manhajojinsa daga buɗaɗɗen lasisin MPL 2.0 ya mayar da su kan wani lasisi da ya hana abokan gogayya yin kasuwanci da su. Rubutun yana nan ana gani, amma 'yancin ya ragu. Da yake tsohon lasisin bai sokuwa a kan abin da aka riga aka fitar, sai wasu injiniyoyi, ciki har da na IBM, suka ɗauki rubutun Vault na kafin sauyin suka kafa sabuwar manhaja mai suna OpenBao a ƙarƙashin Gidauniyar Linux, wata ƙungiya da ke kula da buɗaɗɗun manhajoji. Abin mamaki, a Afrilu 2024 IBM ɗin ya sanar da sayen HashiCorp a kan dala biliyan 6.4, aka kammala cinikin a Fabrairu 2025.

Wannan rabuwa ta fito da abin da da yawa ba su lura da shi ba: buɗe rubutu daban, wanda ke da iko da shi daban. HashiCorp yana sa masu ba da gudummawa su rattaba hannu kan yarjejeniyar da ke ba kamfanin faffaɗan iko a kan aikinsu. A OpenBao kuwa shaida kawai mutum ke bayarwa cewa yana da haƙƙin miƙa abin da ya rubuta, don haka sauya lasisi da rana tsaka ya fi wuya.

Amana a cikin jama'ar

Raya jama'a a kan irin wannan manhaja ya fi na sauran wuya, domin ƙofar da aka buɗe wa mai taimako ita ce mugu zai bi. An ga haka a Maris 2024, lokacin da Andres Freund ya gano ɓoyayyar ƙofar kutse a xz Utils, wata buɗaɗɗiyar manhajar matse fayiloli, ƙofar da wani mai amfani da sunan Jia Tan ya dasa bayan ya kwashe kusan shekara biyu yana gyare-gyare har aka amince masa. xz Utils ba manhajar adana sirri ba ce, amma darasin ya fi shafar manhajojin adana sirri. Shi ya sa ƙa'idar ita ce gyara ba ya shiga sai wani ya duba, ana ɗaga mutum zuwa matsayin mai kula da manhajar ne a hankali, kuma wanda ya gano ɓaraka a asirce yake kai rahoto, a toshe kafin a bayyana.

A Sakkwato

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yuni 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, kuma makarantu, asibitoci da ofisoshin gwamnati duk suna ciki. Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta cin kuɗin lasisi da dala, sai dai tana cin ƙwarewa, ga kuma matsalar wuta: idan sabar, wato kwamfutar da manhajar ke kai, ta mutu, a kulle manhajar za ta tashi, sai an nemo masu riƙe da kason makullin, in ba an tsara mata buɗewa da kanta ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi yana iya kunna OpenBao a kwamfutarsa ta hannu don gwaji, kuma gudummawar farko galibi ba rubutun manhaja ba ce: gyara bayanin amfani ne, ko tabbatar da matsalar da wani ya kawo rahotonta.