Agnès Varda, matar da ta mayar da kala sana'ar fim: tambayoyi da amsoshi

Wace ce Agnès Varda?

'Yar Faransa ce da ta haɗa sana'a uku a hannu ɗaya: ɗaukar hoto, shirya fim, da baje kolin zane-zane a gidajen nuna fasaha. An haife ta ranar 30 ga Mayu, 1928, a Ixelles da ke birnin Burasel na Beljiyam. Mahaifinta ɗan asalin Girka ne, mahaifiyarta Bafaranshiya. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kore su a 1940 zuwa Sète, wani garin masunta a kudancin Faransa, inda iyalin suka zauna cikin jirgin ruwa. Sunanta na yanka Arlette, ita da kanta ta canza shi zuwa Agnès.

Yaya mai ɗaukar hoto ta koma fim?

Ta fara ne da ɗaukar hotunan 'yan wasan daɓe a bikin wasan daɓe na garin Avignon, ƙarƙashin daraktan wasa Jean Vilar. A 1954, tana da shekara 26, ba ta taɓa koyon aiki ƙarƙashin wani darakta ba, ta koma Sète ta ɗauki *La Pointe Courte* da kuɗi ƙalilan. 'Yan wasan ƙwararru biyu ta saka, Philippe Noiret da Silvia Monfort, sauran duk masuntan unguwar ne a bakin aikinsu. Alain Resnais ya tace mata fim ɗin. Sai bayan kusan shekara biyar samarin daraktoci irin su Truffaut da Godard suka fito da sabon salon da ya girgiza fim ɗin Faransa, alhali ita ta riga ta share hanyar.

Wane fim ne ya fito da sunanta?

*Cléo de 5 à 7* na 1962. Wata mawaƙiya ce ke jiran sakamakon gwajin asibiti, tana fargabar ciwon daji, kyamara na biye da ita a titunan Paris kusan minti da minti. A 1985 kuma *Sans toit ni loi*, labarin wata budurwa mai yawon gararamba da aka tsinci gawarta a rami lokacin sanyi, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Venice.

Me ya sa ake yawan haɗa sunanta da dankali?

Nan ne zuciyar aikinta, a ganina. Duk wanda ya tashi a karkara ya san kala: an gama girbi, mata da yara su bi gona suna tsintar abin da ya rage. A 2000, tana da shekara 72, Varda ta ɗauki 'yar ƙaramar kyamarar hannu ta zaga Faransa tana neman masu kala na wannan zamani, ta fitar da *Les Glaneurs et la glaneuse*. Ta tarar da tulin dankalin Turawa da aka zubar a gefen gona, ba don ya lalace ba, sai don ya cika girma ko siffarsa ba ta yi wa kantuna ba. Ta ga masu bin kasuwa bayan an tashi, suna sunkuyawa suna zaɓar ganye da 'ya'yan itace.

Cikin tulin nan ta tsinci dankali mai siffar zuciya, ta kai gida ta ajiye har ya yamutse ya yi tsiro. Ta kuma juya kyamara kan hannunta da ya tattare da tsufa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba ta tsaya daga nesa tana tausaya wa masu tsintar ba. Ta sa kanta cikinsu, tana kalar hotuna kamar yadda suke kalar abinci.

To ina maganar baje kolin fasaha?

Wannan ta shige shi ne da furfura. A 2003 aka gayyace ta babban baje kolin Venice, ta nuna *Patatutopia*, majigi uku na dankali mai tsiro, ita kuma ta fito sanye da rigar da aka ɗinka kamar dankali. A 2006 ta gina bukka da zaren tsohon fim ɗinta *Les Créatures*, wanda bai yi kasuwa ba a 1966. Mutum ya shiga ciki, haske na ratsa hotunan ta kowane bango.

Iyali fa?

Ta auri darakta Jacques Demy a 1962. Da ciwon ajali ya kama shi, ta shirya *Jacquot de Nantes* kan ƙuruciyarsa, tana ɗaukar gashinsa da idonsa kusa-kusa. Ya rasu a 1990, fim ɗin ya fito a 1991.

An karrama ta tana raye?

An yi, ko da yake an makara. Bikin fina-finai na Cannes ya ba ta lambar girmamawa a 2015, a 2017 ta zama mace darakta ta farko da aka ba Oscar ta girmamawa. A shekarar ne kuma ita da matashin mai hoto JR suka fitar da *Visages Villages*, suna zaga ƙauyuka suna manna manyan hotunan talakawa a bangon gidaje da masana'antu. Ta rasu a Paris ranar 29 ga Maris, 2019, tana da shekara 90. Masoyanta sun jera dankali mai siffar zuciya a ƙofar gidanta da ke titin Daguerre.