Kurtun sojan Birtaniya na da damar fita, amma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe

Wata magana na yawo tsakanin matasan Najeriya da Ghana masu shiga sojan ƙasa na Birtaniya a matsayin 'yan ƙasashe renon Ingila: wai da zarar ka yi rantsuwa, ko ka ƙarasa ko ka tafi gidan yari. Ba haka dokar take ba.

Kurtu na da haƙƙin neman sallama, abin da sojoji ke kira DAOR. Idan ya kai shekara 18 lokacin shiga, sai ya cika kwana 28 a horo, sannan ya miƙa wa kwamandansa takarda a rubuce kafin wata uku su cika, da sanarwar kwana 14. Wanda ya shiga yana ƙasa da 18 yana da wata shida. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Kofur zai iya yi maka tsawa, kyaftin ya zaunar da kai ya lallashe ka, amma ba mai ikon hana ka.

Inda ake faɗawa rami shi ne gaggawa. Yaro ya sha sanyin Catterick, sansanin horon sojoji a arewacin Ingila, mako biyu, ya tattara jakarsa cikin dare ya hau jirgin ƙasa zuwa gidan ɗan'uwa a Landan, yana ganin ai dama zai tafi. A dokar sojoji ta 2006 wannan fashin aiki ne ba izini, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara biyu. Gudu don kauce wa fagen daga kuwa har ɗaurin rai da rai yake kaiwa. Ba kowa ake yi wa mafi tsanani ba, amma gidan gyaran halin sojoji da ke garin Colchester don irin waɗannan aka tanade shi.

Idan wata ukun suka wuce, sai ka yi aƙalla shekara huɗu, kuma da sanarwar wata 12. A ganina wata uku sun yi kaɗan ga wanda bai ma saba da abincin ƙasar ba.

Ga baƙo akwai ƙarin nauyi. Kakin ne ke ɗauke masa dokar shige da fice. Da an sallame shi, kwana 28 ake ba shi ya nemi wata biza ko ya bar ƙasar. Izinin zama na dindindin ta hanyar soja sai bayan shekara huɗu na aiki, don haka wanda ya fita daga horo bai tara komai ba ta wannan fuskar.