Lahanin ƙwaƙwalwa bayan haihuwa ga yara

Lahanin ƙwaƙwalwa bayan haihuwa shi ne illar da ke samun ƙwaƙwalwar yaron da aka haifa lafiya lau, sanadiyyar buguwa, ciwo, guba ko ɗaukewar numfashi. Nakasar da aka fito da ita daga ciki ba ta cikin wannan lissafi. Likitoci sun kasa shi gida biyu: na buguwa da wanda ba na buguwa ba.

Musabbabai

A ƙauyukan Kano da Jigawa buguwar kan zo ta faɗowa daga bishiyar mangwaro ko amalanke, harbin jaki, ko haɗarin babur, inda ake ɗora yaro a kan tanki babu hular kwano. Faɗawa rijiya ko kududdufi na hana ƙwaƙwalwa iska, kuma mintoci kaɗan sun isa ta lalace. Akwai gubar dalma, irin wadda ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010. Sai cututtuka biyu da suka fi yin suna: zazzaɓin cizon sauro mai hawa ka, wanda ke zuwa da damina da jijjiga da dogon suma, da kuma sanƙarau.

Sanƙarau

Yankin yana cikin zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ne ya zayyana shi a 1963. Cutar na tashi da rani, daga hunturu zuwa tsakiyar bazara, ta lafa da saukar ruwan farko. Annobar 1996 ita ce wadda dattawa ba su manta ba: fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. A lokacin ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara 200 a Kano, abin da ya jawo doguwar shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya kan tashi da tabo mai ɗorewa, kamar kurumta, farfaɗiya ko raunin gaɓoɓi. An fara allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac a arewacin Nijeriya a 2011. A 2024 ƙasar ta zama ta farko da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV, kuma Jigawa na cikin jihohin farko.

Tarihin fahimtarsa

An daɗe ana ganin ƙwaƙwalwar yaro ɗanya ce, don haka ta fi ta babba saurin gyaruwa. Ana danganta wannan ra'ayi da binciken Margaret Kennard a kan birai a Amurka, wajen shekarun 1930, kodayake ita kanta ba ta yi masa kuɗin goro haka ba. Bincike na baya ya nuna abin ya fi haka sarƙaƙiya. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da tsara aiki da danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Idan ya taɓu tun yaro na shekara huɗu, ba lalle a ga alama ba sai ranar da aka buƙaci aikinsa.

Ma'aunin suma na Glasgow, wanda likitoci ke auna zurfin suma da shi, ya fito a 1974; a yau yana da maki 3 zuwa 15. Na Blantyre, mai maki 0 zuwa 5, an tsara shi a Malawi wajen 1989 domin ƙananan yara masu zazzaɓin cizon sauro.

Illolin da ke ɗorewa

Na fili su ne shanyewar ɓarin jiki, farfaɗiya, kurumta, raunin gani da sarƙewar harshe. Na ɓoye sun fi wuyar ganewa. Yaro ya warke, yana tafiya yana wasa, an yi barka an watse. Bayan shekara biyu ko uku sai a ga ya wanke allo bai riƙe abin da ya biya jiya ba. An aike shi sayen gishiri da ashana, ya dawo da ɗaya. Abu kaɗan ya harzuƙa shi. A nan akan ce daƙiƙi ne ko mai taurin kai, bulala ta biyo baya, don ba wanda ke tuna zazzaɓin da ya sumar da shi kwana uku. Farfaɗiya kuwa sau da yawa akan ɗora ta a kan iska, a fara da hayaƙi da rubutu. Ba a ɗaukar ta ta yawu, duk da yaɗuwar wannan zance. Da balaga matsalar kan koma ta zama da mutane, riƙe sana'a da aure.

Kulawa

Amai a kai a kai bayan buguwa, barcin da ba a iya tashin yaro, jijjiga ko sandarewar wuya, duk na gaggawar asibiti ne. Masu tsanani akan tura su manyan asibitoci kamar na Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni a Dutse. Bayan sallama sai gashin ƙashi, maganin farfaɗiya da koyon magana, kuma yawancin wannan aiki a gida yake ƙarewa, a hannun uwa ko kaka.