Me Ya Sa Kika Ɗebo Kakarki? Bayani Ga Yara Kan Gadon Halitta

Duk lokacin da aiki ya kai ni makarantar firamare, nakan fara da tambayar yara ko an taɓa ce wa ɗayansu ya ɗebo hancin mahaifinsa ko hasken kakarsa, kuma kusan kowa yakan ɗaga hannu. Wannan kama tana da dalili, kuma saninsa yana da amfani ga lafiyarku.

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromozom, kuma su ne ke ɗauke da bayanan da suka shafi launin fata, irin gashi, tsawo da nau'in jini. Yaro yana karɓar 23 daga mahaifinsa, 23 daga mahaifiyarsa, babu wanda ya fi wani ba da kaso. Ko zaman jariri namiji ko mace daga nan yake: uwa tana ba da kuromozom X ne a koyaushe, uba kuma X (a samu mace) ko Y (a samu namiji). Saboda haka gorin da ake yi wa matar da ta jera 'ya'ya mata ba shi da tushe, domin ba ita ta zaɓa ba, shi ma mijin ba shi ya zaɓa ba.

Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, wanda ya wallafa bincikensa a 1866, ya haɗa doguwar shukar wani nau'in wake da gajera, sai duk 'ya'yan suka fito dogaye. Da ya shuka irin waɗannan dogayen, sai kusan ɗaya cikin huɗu ya fito gajere. Ashe gajartar ba ta ɓace ba, laɓewa ta yi. Haka ne iyaye biyu baƙaƙe suke haifar zabiya ba tare da wani aljani ko baki ya shiga lamarin ba.

Inda wannan ya fi shafarmu shi ne ciwon sikila, wanda ake kira amosanin jini. Jajayen ƙwayoyin jinin mai ciwon sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke jawo matsanancin ciwon ƙashi da ƙarancin jini. Ana nuna gadon ciwon da harafin S, rashinsa kuma da A: mai AA bai gaji S ba, mai AS ya gaji S daga ɓangare ɗaya kuma yawanci lafiyarsa ƙalau, mai SS kuwa ya gaje shi daga uwa da uba duka. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma ya yawaita a ƙasashenmu ne saboda yana rage wa mai shi haɗarin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Ga gwajin da nake sa yara su yi a aji. Ku sami kwano biyu, ɗaya na uba, ɗaya na uwa, ku saka farin wake ɗaya da ja ɗaya a kowanne. Fari shi ne A, ja shi ne S. Ku rufe ido ku zaro ɗaya daga kowane kwano, ku rubuta abin da ya fito, sannan ku mayar ku sake. Bayan zagaye arba'in za ku ga ja biyu sun haɗu sau goma ko kusa da haka. Mayar da waken nan shi ne abin lura, domin kowane ciki sabon zaɓe ne, kuma iyaye masu AS suna iya haifar 'ya'ya uku a jere duk masu SS, ko su haifi biyar babu ko ɗaya.

Sikila ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare ko wasa, don haka kada ku guji abokinku mai ita. Ku tuna masa ya sha ruwa sosai, kuma ku sanar da malami da zarar ya fara kukan ciwo. Idan kun koma gida, ku tambayi Baba da Inna ko an yi muku gwajin jinotayif, wato mai nuna ko mutum AA ne, AS ko SS, wanda jihar Kano ta wajabta wa masu shirin aure a 2024. Jini kaɗan ake ɗiba a asibiti, kuma daban yake da gwajin rukunin jini na A, B, AB da O, wanda mutane da yawa suke rikita shi da shi.