Soke Yarjejeniyar Soja da Faransa: Abin da Ya Tafi da Abin da Ya Rage a Chadi

Ranar 28 ga Nuwamba 2024, ministan harkokin waje na lokacin, Abderaman Koulamallah, ya sanar da cewa Chadi ta kawo ƙarshen yarjejeniyar haɗin gwiwar tsaro da ke tsakaninta da Faransa. Ko kwana ba a yi ba da takwaransa na Faransa, Jean-Noël Barrot, ya gama ziyara a ƙasar. Tun daga nan ake ta kai-kawo a teburin mai shayi da rumfunan kasuwar gero ta N'Djamena. Wannan ya ce an raba gari da Faransa kwata-kwata, wancan ya ce an miƙa mu ga Rasha. Sanarwar kuwa ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Yarjejeniya irin wannan ita ce takardar da ke halatta wa sojan wata ƙasa zama a ƙasarka. Ita ke faɗin inda zai kafa sansani, inda jirginsa zai sauka, irin horon da zai ba sojojinka, da dokar da za ta hau kansa in ya yi laifi. Tamu ta samo asali ne daga 1976, zamanin Janar Félix Malloum, aka sake yi mata kwaskwarima ranar 5 ga Satumba 2019. Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, takardar 1976 ta taimakon ƙwararru ce da kayan aiki, har ma ta ce jami'an Faransa da aka turo ƙarƙashinta ba za su sa hannu kai tsaye a yaƙi ko kwantar da tarzoma ba.

A aikace fa? A 1986 Faransa ta girke rundunar Épervier don tare Libiya ta Gaddafi, rundunar ta zauna har 2014, lokacin da wata rundunar Faransa mai suna Barkhane ta gaje ta, ta kuma sa hedikwatarta a nan N'Djamena. A Fabrairun 2008 'yan tawaye sun kai har bakin fadar shugaban ƙasa, sojan Faransa ya riƙe filin jirgin sama, shugaban lokacin, Idriss Déby, ya tsira da kujerarsa. A Fabrairun 2019 kuma jiragen yaƙin Faransa samfurin Mirage suka yi ruwan bama-bamai kan ayarin motocin 'yan tawayen Chadi na ƙungiyar UFR da suka shigo daga Libiya ta yankin Ennedi. Duk wanda ya jera waɗannan shekarun zai ga abin da zaman nan ya fi karewa: kujerar mulki a babban birni. Ni dai a nan nake ganin tushen fushin matasanmu, kuma fushi ne mai dalili.

Abin da soke takardar ya ɗauke shi ne izinin zaman soja, kusan mutum 1,000. Jiragen yaƙi suka fara tashi ranar 10 ga Disamba 2024. Aka miƙa sansanin Faya ranar 26 ga Disamba, na Abeche ranar 11 ga Janairu 2025, sai babban sansanin Adji Kosseï da ke jikin filin jirgin N'Djamena a ƙarshen watan. Mutanen unguwannin da ke kusa, waɗanda suka saba katse hira har jirgi ya wuce, su suka fara jin bambancin. Masu dafa abinci, direbobi da leburori 'yan ƙasa da ke cin abinci a sansanonin su ma sun ji shi, a tukunyar gidajensu.

Ofishin jakadanci yana nan. Sefar da ke aljihunka har yau ɗaure take da yuro, Faransanci kuma na nan tare da Larabci a matsayin harshen hukuma.

Batun Rasha ba daga iska ya faɗo ba. Shugaba Mahamat Idriss Déby ya gana da Putin a Mosko a Janairun 2024, ministan harkokin wajen Rasha, Lavrov, ya zo N'Djamena a watan Yuni. Ka duba maƙwabta: 'yan Rasha suna Afirka ta Tsakiya tun 2018, suna Libiya, sun sauka Yamai a Afrilun 2024. A wannan watan ne ma hafsan sojan samanmu ya rubuta takarda cewa Amurkawa su dakatar da aiki a sansanin Kosseï, sojojinsu kusan 75 suka tattara. Amma shugaban ya fito ya ce Chadi ba ta da niyyar musanya wata babbar ƙasa da wata. Magana ce da ya kamata a riƙe shi da ita, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. An taɓa sallamar sojan Faransa a 1975, ya dawo a 1978 da wuta ta taso.

Ga mai kamun kifi a tafki, ko falken da ke kora shanu da banda ta gadar Ngueli zuwa Kusiri, Fotokol da Gamboru, wata yarjejeniyar ce ta fi shafarsa: ta rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Tafkin Chadi, mai hedikwata a N'Djamena da shiyyoyi a Mora, Baga-Sola da Monguno, da kuma Diffa kafin Nijar ta fice. A ƙarshen Oktoban 2024 Boko Haram ta kashe sojojinmu kusan 40 a Barkaram da ke yankin Tafkin Chadi, Allah ya jiƙansu, alhali jiragen Faransa na ajiye a babban birni. Bayan harin shugaban ya yi barazanar janye Chadi daga rundunar, yana cewa an bar mata kayan ita kaɗai. A Maris 2025 Nijar ta fice. Wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da tutar da ke kan ƙofar Kosseï, don mahara ba sa tsayawa a iyaka, soja kuwa dole ya tsaya in babu takardar da ta ba shi izinin ƙetarawa.

Ƙasashe za su ci gaba da zuwa da tayinsu, masu jirage marasa matuƙa da masu bashi da masu horo. Kowace yarjejeniyar tsaro da za a sa wa hannu nan gaba, da ko wace ƙasa ce, a kai ta majalisa, a buga ta kowa ya gani, a kuma karanta ta a rediyo da Larabcin Chadi da Kanembu da Hausa, mutanen Bol da Baga-Sola su ji ko akwai sakin layin da ya ambaci tsaron tsibiransu.