Waiwaye: Yadda aka yi ta fama da karkacewar hasumiyar Pisa

Ranar 7 ga Janairun 1990 hukumomin Italiya suka rufe hasumiyar Pisa, suka hana kowa hawa. Abin da ya firgita su shi ne wata tsohuwar hasumiya a garin Pavia da ta rushe ba zato ba tsammani a watan Maris na 1989, ta kashe mutum huɗu. Ita kuwa ta Pisa a lokacin karkacewarta ta kai digiri 5.5, kuma duk shekara ƙara sunkuyawa take yi.

Tun ran gini aka yi kuskuren. An sa harsashinta a 1173, don a rataya ƙararrawar babbar majami'ar garin. Zurfin harsashin bai wuce mita 3 ba, ƙasar wurin kuma laka ce da yashi, ga damshi, ita aka ɗora wa dutsen da nauyinsa ya kai kusan tan 14,500. Ba a yi nisa ba ginin ya fara nutsewa, a 1178 kuma aiki ya tsaya, domin Pisa ta shagala da yaƙe-yaƙe da maƙwabtanta. Kusan shekara 100 ba wanda ya ɗora ko dutse ɗaya. Wani jinkirin alheri ne: injiniyoyi sun ce a wannan zaman ne ƙasar ta matsu ta yi ƙarfi, da an zarce da aikin da tuni ta kife.

Da aka koma a 1272 ƙarƙashin Giovanni di Simone, maginan sun ga abin da ke faruwa, sai suka riƙa ƙara wa ɓangaren da ya yi ƙasa tsayi. Shi ya sa hasumiyar ba karkacewa kaɗai ta yi ba, har lanƙwasa ta yi kamar ayaba. Yaƙin Meloria na 1284, inda Genoa ta ci Pisa, ya sake tsayar da aiki. Sai a 1372 aka kammala ɗakin ƙararrawa na can ƙololuwa. A nan ma dabarar maginan tana nan: matakala shida ce ta kudu, inda ginin ya sunkuya, huɗu ta arewa.

Masu gyara, a ganina, sun fi magina yi mata illa. A 1838 Alessandro della Gherardesca ya haƙa kewayen gindinta don a ga adon da ƙasa ta binne, ruwa ya ɓulɓulo, ta ƙara karkacewa. A 1934, zamanin Mussolini, aka huda harsashin wuri ɗaruruwa aka ɗura siminti, nan ma ta ƙara. Hatta kwamitin ƙwararrun da aka kafa a 1990 bai tsira ba. Ya fara da jibge tan 600 na dalma ta arewa, abin ya yi amfani. Amma a Satumbar 1995, da aka gwada daskarar da ƙasar gindin don a kafa igiyoyin ƙarfe, hasumiyar ta zabura kudu, dole aka ƙara dalmar cikin gaggawa ta kai tan 900.

Maganin da ya yi aiki shi ne wanda Farfesa John Burland na Ingila ya nace a kansa: a bar ɓangaren da ya nutse, a riƙa zaƙulo ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin ɓangaren arewa da siraran bututu, har shi ma ya sauka. Daga 1999 zuwa 2001 aka yi ta wannan, ƙololuwar ta dawo da kusan santimita 45, wato inda take a wajen 1838. Aka kwashe dalmar, aka buɗe ta ranar 15 ga Disambar 2001.

Dama ba a nufi miƙar da ita sarai ba. Wa zai biya kuɗin jirgi ya je kallon hasumiyar da ke tsaye ƙyam? Yanzu karkacewar tana kusan digiri 4, kuma a 2018 masu sa ido a kanta suka sanar cewa ta ƙara miƙewa da santimita 4 tun bayan gyaran.